Kalmar Sirrin da Baba Ya Kasa Faɗa

Ko da tsufa zai kwashe mini duk abin da na sani, ba na jin zai iya ɗauke mini ranar da na wuni ina kokawa da kwamfutar mahaifina a gidanmu na Sabon Birni, alhali magidanta da yawa suna can suna jiran irin shuka ta hannuna. Shekaru sun wuce, amma har yau in na ga ɗan akwatin nan ya fito a allo yana neman kalmar sirri, sai ranar ta dawo mini sabuwa. Gara in faɗa da bakina tun daga farko: kishin ƙanena ne ya ci ni a ranar, kwamfuta ba ta yi mini komai ba.

Shekarun fari ne. Damina biyu a jere tana yanke mana tun gero bai gama cika ba. A ta uku ruwan farko ya sauka mai kyau, kowa ya tone ɗan irin da ya ɓoye ya kai gona, sai sama ta ɗauke cak. Mako uku babu ko ɗigo. In ka bi hanyar Tsamaye a kan babur, tsiro kawai za ka gani ya kwanta ya yi ja, ga makiyaya suna kora shanun da ake hango haƙarƙarinsu daga nesa. Babban tashin hankalin shi ne ko ruwan ya dawo, mutane da yawa ba su da abin sake shukawa. Wasu sun shuka na ƙarshe, wasu kuma yunwa ta sa sun daka nasu tun da bazara.

Mahaifina tsohon malamin firamare ne, kuma shi ne sakataren wata ƙaramar ƙungiyar manoma da ta haɗa mutanen Tsamaye da Gatawa da wasu daga Burkusuma. A cikin wannan hali ne wata ƙungiyar agaji ta aiko cewa za ta raba irin gero mai saurin nuna. Jami'anta za su zauna a garin Isa rana ɗaya tak, kowace ƙungiya ta kawo sunayen waɗanda shukarsu ta ƙone, da girman gonar, da hoton kowace gona. Da la'asar za su tashi, saboda hanyoyinmu ba sa biyuwa da yamma. Mun yi kwanaki muna tara sunaye da hotuna, komai ya kammala yana cikin kwamfutar Baba. Ni aka ɗora wa kai shi Isa.

Ni ne ɗan fari a gidanmu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba. In yana nemana, "kai" ne. In yana ba wani labarina, "wancan" ne, ko "babban". Ba ya zama da ni mu yi hira, ba ya yaba mini a gaban mutane, in na yi abin kirki iyakarta ya gyaɗa kai yana kallon wani wuri. Na san alkunya ce, kowa a ƙasarmu ya san haka ake yi da ɗan fari. Amma abin da kai ya sani daban, abin da zuciya ke ji daban, musamman in kana da ƙane wanda ake kiran sunansa tun daga asuba har a kwanta.

Shekara bakwai na ba shi. Ni na fara koyon kwamfuta a gidan, a wani shagon buga takardu a Isa, kuma ni na yi shekaru ina buga wa Baba duk wata takarda ta ƙungiya bayan na taso daga makarantar da nake koyarwa. Sai ga yaron nan ya dawo daga karatu a Sakkwato da ƙaramar jaka a kafaɗa da Turanci a hanci. A lokacin allon tsohuwar kwamfutar tebur ta Baba ya ƙone sanadin janareta, har na ce a jefar da ita. Shi kuwa ya ce ai allo ne ya mutu, cikinta lafiya lau. Ya ari wani allo na wuni ɗaya, ya sayo ɗan akwatin nan mai ƙahoni da ake kira rawuta, ya ja waya daga ɗakin Baba zuwa zaure, ya mai da tsohuwar ta zama rumbun gida. Babu allo a jikinta, aikinta kawai a kunna ta ta zauna a lungu tana huci. Duk takardu da hotuna suna cikin wata folda a cikinta, ni da shi kowa ya buɗe daga laftof ɗinsa ya yi aiki, ba sai an yi ta yawo da filashi ana kwaso ƙwayar cuta ba.

Gaskiya aikin ya yi kyau, kuma kyawunsa ne ya fi ƙona mini rai. Duk baƙon da ya zo, sai Baba ya ja shi zaure ya nuna masa rawutar nan da sandarsa, ya kira sunan ƙanena ya ce shi ya sa kwamfutoci suna magana da juna. Ni ina gefe ina zuba wa baƙo ruwa, ni da na yi shekaru ina buga takardu har yatsuna suna sagewa. Matata takan ce in ana wannan yabon fuskata takan koma kamar na tauna maɗaci. Ina musantawa, amma ba ƙarya ta yi mini ba.

Mako guda kafin ranar Isa, laftof ɗina ta fara nauyi. Likitanta yana cikin gida, ɗakinsa na kallon nawa, amma girman kai ya sa na ɗauke ta a ɓoye na kai wa wani mai gyara a kasuwa. Ya yi mata fomatin, wato ya share komai ya sake zuba mata sabo. Ta dawo tana gudu, na ji daɗi na samu lafiya ba da hannun yaron ba. Ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa duk abin da ya haɗa ta da rumbun Baba ya tafi tare da sharar.

Saura kwana biyu aka kira ƙanena Sakkwato ganawar neman aiki. Ya riga ya rataya jakarsa ya leƙo ɗakina.

"Yaya, in duba ma taka kahin in tahi? In tabbatar tana ganin ta Baba."

"Kai dai tahi abinka," na ce masa. "Tun kana wasan ƙasa ni ka taɓa kwamfuta."

Ya yi murmushi ya tafi da laftof ɗinsa. Minti biyar ya nema, na hana shi. Kuma don kada in gaskata damuwarsa, ban ma gwada buɗe foldar ba har ranar ta zo.

Ranar da safe gari ya fita sallar roƙon ruwa a filin idi. Baba ya tafi da sandarsa, wani maƙwabci yana riƙe da hannunsa, domin a shekarun nan yanar ido ta fara rufe masa gani. Ni na zauna a zaure da niyyar in kwafe foldar cikin minti goma in hau babur, in isa Isa tun da hantsi in zama na farko a layi. Har na tsara yadda za a dawo a gaya wa Baba cewa babban nan nasa ya iya aiki. Na buɗe laftof, na duba inda alamar rumbun take zama, wayam.

Da farko ban damu ba. Na je ɗakin Baba na tarar tsohuwar a kashe, batirin sola ya sauka da asuba ta mutu. Rana ta riga ta fito da ƙarfinta, sai na kunna ta, na sa kunne na ji fankarta tana juyawa. Na bi wayar nan da hannu tun daga bayanta, ta bango, ta ƙarƙashin tabarma, har zaure, ko ɓera ya taɓa. Lafiyarta ƙalau, 'yar fitilar rawuta tana ƙiftawa. Na koma na buɗe wurin da ake ganin kwamfutocin da ke kan layi ɗaya, babu kowa sai ni kaɗai. Na kashe na kunna, na zare waya na mayar, na hura ramin da bakina kamar mai tofi. Shiru.

Matata ta kawo mini kunu ta tsaya a kaina tana kallo.

"Malam, ka kira shi mana. Ƙanenka na hwa, ba baƙo ba."

Na ce mata ta je ta ji da tukunyarta. Ta ajiye kunun ta ce to, Allah ya ba masu ilimi sa'a, ta fita tana dariyar da ba ta ɓoye ba. Wayata tana cikin aljihu, lambarsa ce ta farko. Amma na riga na hango yadda labarin zai kai kunnen Baba, cewa babban ya kasa sai da ƙaramin ya cece shi daga Sakkwato. Na gwammace in yi ta tone-tone ni kaɗai.

Sai da na ɓata fiye da sa'a guda kafin na gano matsala ta farko. Bayan fomatin, laftof ɗina ta ɗauki waifai ɗin gidanmu a matsayin na bainar jama'a, irin na tasha, don haka ta rufe ido ta ƙi ganin kowa kuma ta ƙi a gan ta. Na canza mata na ce na gida ne. Na ji wani daɗi, har na gyara zama. Na sake dubawa, har yanzu tsohuwar ba ta fito ba. Sai na tuna na taɓa ganin ƙanena yana buga sanduna biyu a karkace da wasu lambobi, ya ce adireshin kwamfutar Baba ne. Lambobin suna rubuce da biro a jikin bangon zaure. Na kwafe su na buga, ta yi ta juyi, daga ƙarshe ta ce ba ta sami kowa a wannan adireshi ba.

A nan ne zuciyata ta fara kitsa mini abin da babu. Na ce wallahi yaron nan da gangan ya yi. Ya canza wani abu kafin ya tafi don in ji kunya, tayin da ya yi mini na dubawa ma baki ne kawai. Ina cikin wannan na ɗaga rawutar a fusace don in sake zare wayarta, sai na ga takarda manne a ƙarƙashinta da rubutunsa, ɗan siriri mai tsabta, wanda shi ma nake jin haushinsa. Ya rubuta komai dalla-dalla. In wuta ta ɗauke, rawuta takan raba wa kwamfutoci sababbin lambobi, ga yadda za a shiga shafinta a ga wadda ta ba ta Baba. Wato mutumin da nake zagi a raina ya bar mini hanya tun kafin in ɓace. Na bi rubutunsa layi-layi ina cije baki, na samo sabuwar lambar, na buga. Nan take ta amsa.

Sai akwatin ya fito, yana neman suna da kalmar sirri. Na koma takardar. Sunan yana nan a rubuce. A gaban kalmar sirri kuwa abin da ya rubuta shi ne: Baba kaɗai ya sani. Na tuna ranar da aka haɗa, Baba ya karɓi laftof ɗin kowannenmu ya shiga ɗaki da ita, lokacin idonsa yana gani, ya buga ta da kansa aka ce wa kwamfuta ta riƙe. Ita ce fomatin ya share. Amma ban yarda yaron bai sani ba. Na ce ai tsakaninsu babu ɓoye-ɓoye, ni kaɗai aka bari a waje.

To, abin da na yi daga nan shi ne abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce wa kaina mene ne wahala? Mutumin da ba shi da abin faɗi sai sunan ɗansa guda, wace kalma zai zaɓa? Na buga sunan ƙanena. Ta ƙi. Na buga shi da manyan baƙaƙe. Ta ƙi. Na haɗa da shekarar haihuwarsa, na buga laƙabinsa, na buga sunan da kakarmu take kiransa da shi. Ina bugawa ina fata ta buɗe, don in samu hujjar abin da na daɗe ina zargi. Ka ji wauta, mutane suna jiran iri ni ina neman hujjar cewa ba a sona. Ban san adadin da na gwada ba. Can sai ta canza magana, ta ce an kulle wannan suna saboda yawan kuskure.

A lokacin rana ta riga ta wuce tsaka. Matata ba ta sake neman izinina ba, ta kira shi da wayarta ta miƙo mini. Ya fito daga ganawar ke nan. Na yi masa bayani a gajarce.

"Wallahi Yaya ban san ta ba," in ji shi. "Baba hitar da ni ya yi daga ɗakin sannan yab buga. Amma don Allah kak ka yi ta gwaji, in anka yi kuskure da yawa rabin awa ta ka kullewa."

Na ce masa ai ta riga ta kulle. Ya ce babu komai, in jira. Bai ce da na bari ya duba ba. Wannan kawaicin nasa ya fi mini zafi da a ce ya gaya mini baƙar magana. Na tambaye shi ko yana da kwafi a tasa, ya ce babu, ai amfanin rumbun ke nan, komai a wuri ɗaya.

Muna cikin jiran ne Baba ya shigo, babbar rigarsa har yanzu a juye yadda ake yi a wurin roƙon ruwa, leɓɓansa sun bushe. Ya ji motsina a zaure ya tsaya.

"Kai, ba ka tahi ba?"

Na ce masa kwamfuta ce ke neman kalmar sirri. Na ga hannunsa ya ƙara damƙe sandar. Ya zauna a kan buzu, ya ce in miƙo masa ya buga da kansa. Na ce a kulle take sai an jira. Bai tambayi wanda ya kulle ta ba. Haka muka zauna ni da shi, ina kallon agogo, shi yana jan carbi. Aka kira azahar muka yi salla a nan zauren. Da lokacin ya cika na ɗora masa laftof a cinya, ya ce in juya baya. Na juya. Ina jin yatsansa yana lalube, ɗaya bayan ɗaya. Maɓallan ƙanana ne, idon kuma ya tafi. Ya gwada sau biyu, duka ta ƙi.

Na ce masa Baba lokaci yana tafiya, in ta sake kullewa mun rasa Isa, ya faɗa mini kawai in buga. Ya ƙi. Na kawo takarda da biro na ce to ya rubuta da manyan baƙaƙe. Ya riƙe biron har ya ɗora a kan takardar, sai ya ajiye. Ya ce ko za a jira ƙanena ya dawo ya samo wata dabara. Wannan maganar ce ta fasa abin da na yi shekaru ina tarawa. Ban taɓa ɗaga wa mahaifina murya ba sai ranar.

"Baba, in shi ɗai na ɗanka, hwaɗa min in sani. Shekara nawa ni ka ma aiki ba ka taɓa ko kallona ba? Yau kalma guda ba ka iya amince min da ita?"

Matata da ke bakin ƙofa ta ja da baya ta shige ciki. Na yi tsammanin zai kore ni daga gabansa, kuma da ya yi haka da bai zalunce ni ba. Amma sai ya juya fuskarsa ga bango gaba ɗaya, ya ba ni ƙeya. Muryarsa ta yi ƙasa har sai da na matsa.

"Wa anka hwara yanka ma rago cikin gidan ga?"

Sai da na yi ɗan jim kafin maganar ta shige ni. Na jawo laftof, na buga sunana na yanka, wanda ko abokaina ba sa kirana da shi. Foldar ta buɗe. Ga sunayen mutanen Tsamaye, ga na Gatawa, ga hotunan gonaki jere. Na kasa ɗaga kai. Daga baya na fahimci abin da ya hana shi ko rubutawa. Ba furta sunan kaɗai ne ya yi masa nauyi ba. Nauyin shi ne ni in san cewa da aka ce ya zaɓi kalmar da ba zai taɓa mantawa ba, ni ya zaɓa. Shekara biyu wannan suna yana tsaron duk abin da ya mallaka na aiki, ni kuma ina gefe ina ƙirga sau nawa ya kira ƙanena.

Na so in ba shi haƙuri, amma ya riga ni. Shi ne ya yi magana, har yanzu yana kallon bango, ya ce in yi sauri mutane na jira. Hotunan suna da nauyi, suka yi ta rarrafowa ta cikin wayar nan kaɗan-kaɗan, ina tsaye da takalmi a ƙafa. Da suka gama na ɗaure laftof a baya na hau babur. Ban taɓa gudu a hanyar Isa irin na ranar ba, hawaye da zufa sun haɗu ban san wanne nake sharewa ba.

Na isa an idar da la'asar. Ana naɗe tabarmi, ana kwashe kujeru. Wata jami'a da ta rage tana haɗa kayanta ta saurare ni, ta ce motar da ke ɗauke da takardun rabon ba ta daɗe da tashi ba, da na zo ɗazu kaɗan da na same ta. Ta tausaya mini ta kwafi foldar a tata kwamfutar, amma ta gaya mini gaskiya, mutanenmu sai a zagaye na biyu. Ina tsaye a wurin na lissafa abin da ya raba ni da motar nan. Rabin sa'ar da na kulle rumbun ne ina buga sunan ƙanena.

Bayan kwana huɗu ruwa ya dawo, mai yawa. Waɗanda suka shiga rabon farko suka shuka a kan danshin nan. Namu irin bai iso ba sai bayan kusan mako biyu. An shuka, ya tashi da kyau, amma damina ta sake yankewa da wuri kamar yadda ta saba a shekarun. Wasu sun samu rabin abin da suka sa rai, wasu kara kawai suka yanka wa dabbobi. Akwai wani dattijo daga Tsamaye da nake gaisawa da shi kullum ranar kasuwa, wanda bai taɓa fita ci-rani ba a rayuwarsa. A shekarar nan ya kwashi iyalinsa ya yi kudu, kuma ban sake ganinsa ba. Ba na cewa ni na hana ruwa sauka. Amma mako biyun nan, na san daga inda suka fito.

Da ƙanena ya dawo, ya zauna ya ɗaure wa tsohuwar lamba guda wadda rawuta ba za ta sake canzawa ba, ya koya mini yadda aka yi, ni kuma a karon farko na zauna na saurara. Na gaya masa komai, har da sunansa da na yi ta bugawa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi duk tsammaninsa sunan Inna ne. Ya tambayi Baba ko a canza kalmar tunda yanzu ta fita. Baba ya ce a bar ta.

Abin da ya ƙarasa ni ya faru ne bayan girbi, da 'yan ƙungiya suka taru a ƙofar gidanmu rai a ɓace suna son jin yadda aka yi sunayensu suka makara. Ina tsaye a bayan Baba, na shirya in fito in faɗi gaskiya. Kafin in motsa ya ɗaga sandarsa ya tare ni da ita ba tare da ya waiwayo ba.

"Laihi nau na," ya ce musu. "Ni na kulle abin da makullin da ban iya miƙa ma kowa. Ku yahe min."

Aka yi ta gunaguni, wasu suka faɗi maganganu marasa daɗi ga tsohon da ya koyar da rabinsu karatu. Ya shanye duka yana tsaye. A ƙarshen shekarar ya ajiye sakatarcin, ya ce ido ne. Har ya koma ga Allah bai taɓa tayar mini da maganar ba.

Abin da ranar ta koya mini ba shi da yawa, amma ya ishe ni. Mai kishi yakan ɗauka shi kaɗai yake ƙonewa, alhali waɗanda ba su ji ba ba su gani ba su ne ke ɗaukar asarar. Na kuma gane cewa iyaye irin namu ba da baki suke nuna so ba, wanda ya tsaya jiran ya ji da kunne zai tsufa yana zargin wanda ya fi kowa ƙaunarsa. Yanzu in abu ya ƙi buɗuwa, ba na fara tambayar wa ya kulle ni a waje, waya nake ɗauka in kira wanda ya fi ni sani ko da na girme shi. Na samu amsar da na yi shekaru ina nema a wurin mahaifina, amma mutanen Tsamaye ne suka biya ta da geronsu, shi kuma da mutuncinsa.